Ƙuri'ar Kirrabel

Aldo Zanotto yana tsakiyar datse reshen wata tsohuwar bishiyar lemo, matarsa Lorna ta ɓullo daga bayan gida tana ɗaga masa farar rigarsa kamar tuta. Ya kashe injin zarton. Ƙarar ta ɗauke, amma kunnuwansa suka ci gaba da yi masa ƙugi.

"In ba so kake ka shiga taron mutane kana warin fetur ba, zo ka watsa ruwa," in ji ta. "Watsawa na ce, ban ce wanka ba. Rabin bokiti na ajiye maka."

Ya juya ya dubi aikin da ya yi tun safe. Bishiyoyin da mahaifinsa Bruno ya dasa da hannunsa sun koma kututture, an shafe su da farin fenti don kada zafin ranar Janairu, tsakiyar bazarar ƙasar, ya ƙone su. Bishiyar da ba ta da ganye ba ta shan ruwa da yawa. Rabin gonar ya yi wa wannan aski, da fatan sauran rabin ya kai labari.

Garuruwa uku ne suke sha daga Kogin Narrawin. Kirrabel na sama, garin manoman lemo, kuma nan dam yake. Tallowin na tsakiya, garin masu kiwon tumaki. Wendarra kuwa can ƙasa take, inda kogin yake isa a gajiye ko a shekarar albarka. Bayan farin da aka yi a baya, garuruwan suka ƙulla yarjejeniya cewa ba za a buɗe ƙofar dam ba, ba za a rufe ba, sai wakilansu uku sun yarda. Aldo ne ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya har mutanen Kirrabel suka amince, shi ya sa suka ɗora masa wakilcin. To ga wani farin ya dawo, ya fi na da. Abin da ya rage a dam zai iya riƙe bishiyoyin Kirrabel har sanyi ya shigo, ko kuma a sake shi ya gangara Wendarra, inda famfo ya daɗe yana zubar da ruwan zartsi. Ba zai isa duka biyun ba. Jiya da yamma manoma suka taru a rumfar da ake ɗura lemo a kwali, suka yanke magana: Aldo ya je ya ce a'a, sannan ya sanar da cewa Kirrabel ta fita daga yarjejeniyar.

Yana ɓalla maɓallan rigar sai ga a-kori-kurar maƙwabcinsa Gavin Tull ta tsaya a ƙofar gida. Gavin yaro ne a kan Aldo, bai daɗe da cika gonarsa da sabon dashe ba, matarsa kuma ga ta da tsohon ciki. Bai ko sauko ba, ya leƙo ta taga.

"Ango, sai ina? Wannan farar riga haka."

"Ka san inda za ni."

"Na sani, shi ya kawo ni. Ka ga, mutumina, kada ka bari tsohuwar nan ta Wendarra ta saka ka a aljihu. Ka faɗi abin da aka aike ka, ka sha shayinsu, ka juyo."

"Na fara zuwa taron nan kana makaranta, Gavin."

"Ai shi ne abin tsoron. Ka saba da su da yawa." Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ba dariya a ciki. "Dashena ba irin naka ba ne, Aldo. Mako biyu ba ruwa, shi ke nan, sai dai in tara su in cinna wuta."

"Na ji ka."

Zagayawa ake yi da taron, wannan karon kuma a Wendarra ya faɗo. Aldo ya ɗauki hanya shi kaɗai. Da ya wuce gonakin lemo sai kore ya ƙare kamar an yanke da wuƙa, jar ƙasa ta shimfiɗu har inda ido ya tsaya. Gawarwakin kangaru a gefen titi, waɗanda ƙishirwa ta jawo bakin hanya mota ta buge. A Tallowin ya ga makiyayan tumaki babu tumaki. Duk tsawon tafiyar yana ta maimaita maganar da zai faɗa, yana gyara ta, yana neman inda zai sa mata taushi. Ko ta ina ya juya ta, a'a dai sunanta a'a.

Warin ne ya fara tarbar sa kafin ya ga rufin gidajen Wendarra. Ya ɗaga gilashi, bai hana ba. A kan gada ya rage gudu ya leƙa. Kogin ya tsinke ya koma kududdufai, kowanne gansakuka ta rufe shi, kifaye kuma sun taso ciki sama, fari fat. Wasu mutane da tsumma ɗaure a hanci suna jawo su da manjagara suna lodawa a tirela. Akwai wani kifi da sai da mutum biyu suka kama shi, irin waɗanda suke kai shekarun mutum a cikin gurbi.

Wata dattijuwa mai faffaɗar hula ta ɗago ta hango motar, ta yi masa alama ya tsaya. Anti Merle ce, wakiliyar Wendarra. Kakanninta suna bakin kogin nan tun kafin zuwan Turawa, tun kafin a san za a yi wani abu wai shi dam. A ƙuruciyarta ta yi tsinkar lemo a gonar Bruno, saboda haka ba ta taɓa kallon Aldo a matsayin dattijo ba, duk da furfurarsa.

"Ɗan Bruno," ta ce, tana hawowa da ƙyar. "Ka yi ƙiba. Ashe farin bai kai kicin ɗin Lorna ba."

"Anti, ina wuni. Yaya aiki?"

"Ga shi kana gani. Buɗe min ƙofa, ƙafafuna sun gaji. Kada ka yatsine fuska, warin koginku ne, ba nawa ba."

Ta shiga ta zauna. Sai ya tambayi labarin mijinta.

"Ina Kawu Clarrie? Ban gan shi a bakin gada ba."

"Yana birni. An rufe injin wankin ƙoda na asibitinmu, an ce gishirin ruwan ya fi ƙarfin matatarsa. Sai aka kwashe su su duka aka kai can. Yana wani ɗaki a bene, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci." Ta cire hular ta yi fifita da ita. "Mutumin da bai taɓa kwana inda ba ya jin kukan kwaɗi ba. Jiya ya ce min in zai mutu, in zo in ɗauko shi ya mutu a gida. Na ce ya yi min shiru, ba ni da man mota."

Aldo ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ja motar a hankali zuwa zauren taro.

Zauren ya cika. Fanka tana juya iska mai zafi, an jera robobin ruwan sayarwa a gefe tare da shayi da biredi mai nama a tsakiya. Mata da jarirai a baya, wasu jariran duk ƙuraje a wuya da hannu. A teburin gaba akwai kujerun wakilai uku, da ta Petra Halloran, injiniyar da garuruwan suka ɗauka tare don ta riƙa auna musu ruwa. Col Haskett na Tallowin ya riga ya zauna, dogo, busasshe, hularsa a gwiwa.

Petra ta miƙe ta yi bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce in aka buɗe ƙofa, ruwan zai yi tafiya a kan yashin da ya daɗe bai ga danshi ba, yashin kuma sai ya sha ya ƙoshi kafin ya bar saura ya wuce.

"Zai kai nan ko ba zai kai ba?" wani ya tambaya daga baya.

"Zai wuce Tallowin, wannan na tabbata. Daga nan zuwa Wendarra, ban sani ba. Yana iya kaiwa, yana iya tsayawa a hanya. Duk wanda ya ce muku ya sani, ƙarya yake."

Aldo ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, har ya ji kunyar kansa. Ga mafita an miƙo masa a faranti. Ya gyara murya.

"To kun ji. In muka saki ruwan nan ya nutse a yashi, mun kashe gonaki, ku kuma ba ku sha ba. An yi biyu babu. Ina amfanin haka?"

Zauren ya ɗauki gunaguni. Col ya ɗaga kafaɗa.

"Ni tumakina na sayar, sauran na harbe. Ba ni da abin da zan yi wa kuka. Amma in za a tambaye ni, kogi ba tanki ba ne, an yi shi ne ya yi tafiya. Na yarda a buɗe."

Kowa ya juya wajen Anti Merle. Aldo ya shirya wa faɗa, ko kuka, ko a tuna masa tarihin wanda ya ƙwace ƙasar wa. Da ta yi haka da ya fi masa sauƙi. Sai ta zuba shayi, ta tura masa kofin gabansa.

"Ba zan roƙe ka ba, ɗan Bruno. Na san abin da aka aiko ka da shi. Ƙanwar matar Gavin tana aiki a kantinmu, kafin ku tashi daga rumfa jiya labari ya iso." Aka yi 'yar dariya. "Tambaya ɗaya gare ni. Shekarar da lemonku yake fure, kuka zo nan kuka ce a bar ƙofa a rufe wata guda don 'ya'yan su kama. Wa ya ba mu tabbacin za a yi ruwan sama bayan nan?"

"Babu," in ji Aldo.

"Babu. Muka ɗaga hannu, muka koma gida muka sha zagi. Har yau akwai wadda ba ta gaishe ni a kan wannan. Ba gori nake maka ba. So nake in gane ko wannan abu da muka ƙulla na kowa ne, ko kuwa na ranar da na sama yake da buƙata ne kawai. In na biyun ne, faɗa mana yanzu, mu daina ƙona mai muna zuwa taro."

Ta koma ta jingina. Wani jariri ya fara kuka, uwarsa ta fita da shi.

Aldo ya dubi kofin shayin. Ya tuna dashen Gavin, sirara kamar sandar makiyayi. Ya tuna layukan da bai taɓa da zarto ba tukuna, waɗanda yake lallaɓawa kamar marasa lafiya. Mutanen da suka aiko shi ba mugaye ba ne, tare suke zuwa coci, tare suka binne iyayensu. Kuma gaskiyar Petra tana nan, ruwan yana iya ɓata a banza. Amma shi ne ya zauna a ɗakunan girkin mutane yana ce musu wannan yarjejeniya ita ce za ta raba su da zaman kowa tasa ta fisshe shi. Ashe bai taɓa tunanin ranar da za ta ci nasa ba.

"Masu goyon bayan a buɗe ƙofa," in ji Petra.

Col ya ɗaga hannu. Anti Merle ta ɗaga. Daga ƙarshe Aldo ma ya ɗaga nasa. Maganar fita daga yarjejeniya kuwa ko kusa bai kawo ta ba.

Ba a yi tafi ba. Anti Merle ta dube shi ta ce, "Sha shayinka, zai huce. Kana da doguwar hanya, kuma ba na jin za a yi maka girki a can."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso Kirrabel. Motoci sun cika gaban rumfar lemo, labari ya riga shi. Ya yi tunanin wucewa gida, sai ya ga gara a yi ta ta ƙare. Da ya shiga, surutu ya ɗauke. Wani ya ce maci amana, wani ya ce a bar shi ya yi bayani, amma ba wanda yake son jin bayanin. Gavin ne ya matso, kuma bai ɗaga murya ba.

"Aiken ka muka yi, Aldo. Ba ra'ayinka muka ce ka kai ba."

"Haka ne."

"To ka zo mu je gida ka faɗa wa matata Tegan da bakinka. Ka ce mata gonar da muka zuba duk abin da muke da shi a ciki, ka ba da ita kyauta don a ce kai mutumin kirki ne."

"Ni ma tawa gonar tana ciki, Gavin."

"Kai ka ci zamaninka. Ni fa?"

A nan take aka cire shi daga wakilci, aka naɗa Gavin. Sai dai ƙuri'ar da aka kaɗa ta riga ta zauna, ba mai iya janye ta. A gida Lorna ta ajiye masa taliya a tebur, ta zauna tana kallon sa yana juya cokali.

"Ba za ki ce komai ba?"

"Me zan ce? Da ka ce a'a, da ka dawo ka hana ni barci da juye-juye. Yanzu ma za ka hana ni. Ci abincinka."

Washegari aka buɗe ƙofar dam. Ruwan ya fita da ƙarfi, sannan ya lafa, ya kama hanya a hankali yana tura busassun ganye da kumfa a gabansa. Mutane suka riƙa bin sa a mota daga gada zuwa gada. Ya wuce Tallowin, yara suka yi ta tsalle a ciki. Daga nan ya fara ja da ciki. Kullum Petra tana sanar da inda ya kai, kullum tafiyar tana raguwa. Wata safiya wayar Aldo ta yi ƙara.

"Ya tsaya," in ji Anti Merle. "A gurbin da ke bayan tsohuwar mahauta. Daga kan tudu ana hango hasumiyar tankin garinmu."

Aldo ya zauna a kan matakalar baranda.

"Anti, ban san abin da zan ce ba."

"Ba ka da abin cewa. Gurabun sama sun cika, kifin da ya rage zai rayu. Mun je mun gani, wasu sun yi kuka, wasu sun yi wanka. Clarrie dai yana birni." Ta ja numfashi. "Yaya bishiyoyinka?"

"Suna zubar da ganye."

"To. Gaida Lorna."

Makonnin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Rabon ruwan gonaki ya ragu har ya zama ɗigo. Dashen Gavin ya bushe layi-layi. A coci mutane suka riƙa matsawa in Aldo ya zauna, a kanti kuma mai awo ta daina tambayar sa lafiyar gwiwarsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda yake ce masa ai ga shi mun faɗa maka. Ba su ga buƙatar faɗa ba.

Ana haka aka yi ruwan sama mai yawa can arewa, a tsallaken iyakar jiha, inda Narrawin yake fitowa. Kirrabel ta kwana da murna, ana lissafin ranar da ruwan zai iso dam. Sai labari ya zo cewa masu manyan gonakin auduga na can sun nemi izinin tare ruwan farko su cika tafkunansu, kuma za a zauna a kan maganar tsakanin jihohin biyu. Petra ta bincika ta dawo da bayani: ba a ba gari ɗaya kujera a irin wannan zama. Ƙungiyar garuruwan kogi ce kaɗai za a saurara, ita ma sai wakilanta uku sun zo da murya ɗaya.

Da hantsi a-kori-kurar Gavin ta tsaya a ƙofar gida. Wannan karon ya sauko. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya tsaya a ƙasan baranda yana murza hularsa.

"An sauka lafiya, na ji," in ji Aldo. "Mace ko namiji?"

"Mace." Ya gyara tsayuwa. "Col ya ce zai je. Saura Anti Merle. Ina son lambarta."

"Lambarta tana wajen Petra, ka sani."

Gavin ya dubi ƙasa. "Na karɓa, har na kira Anti ɗin. Ta ce ba ta san wani wakilin Kirrabel mai suna Gavin ba, wanda ta sani shi ne mai cewa a fita daga yarjejeniya. Ta ce in ina da magana, na san hanyar Wendarra."

"To ai ka santa."

"Aldo, don Allah. In na je ni kaɗai, cinye ni za su yi ɗanye." Ya ɗago. "Kana ganin za ta yarda?"

"Ban sani ba. Ruwanmu bai kai musu ba, mijinta bai dawo ba. In ta ce a'a, ba ta yi laifi ba."

Ya tashi ya shiga ciki ya sako takalmi. Da ya fito ya tarar Lorna ta sa Gavin aiki, yana jido jarkoki daga tankin da suke tara ruwan rufin gida, wanda take tattalinsa kamar magani. Suka jera su a bayan mota, Gavin ya ɗaure da igiya, ya ja ya tabbatar ba za su motsa ba.

"Ku bi a hankali wajen ramuka," in ji Lorna, tana goge hannu da gefen rigarta. "Wannan ruwan dai ina so ya kai."